Kwale-kwalen Da Ba Ya Taɓa Ruwa: Tambayoyin Da Iyaye Ke Yi A Gidajen Wasa Na Kano

Da, yawon Sallah na yaran Kano bai wuce kallon hawa, gidan Zoo da lilon unguwa ba. Tun wajen 2014 da aka buɗe Ado Bayero Mall, wasan yara ya fara komawa cikin gine-gine masu sanyi, na'urori iri-iri suka shigo gari. Ni mai gyaran lantarki ne, na kuma yi Sallah biyu ina kula da injinan wani ƙaramin gidan wasa, ciki har da kwale-kwalen nan mai girgiza. Da safe ni ke duba wayoyi da kusoshi, in yaron da ke ɗaure wa mutane bel ya tafi salla ni ke riƙe masa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne na yi ta amsawa har na haddace.

Wai wannan abin jirgin ruwa ne, fim ne, ko lilo?

Duka ukun aka zuba a tukunya ɗaya. Mazauni ne da aka ƙera da siffar kwale-kwalen roba, aka ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe masu miƙewa da komawa. A gabanka ga babban allo, ko a sa maka tabarau mai allo a ciki, ana nuna maka kogi yana ta ɓarin gudu tsakanin duwatsu. Duk inda jirgin allo ya karkata kujerarka ta karkata, in ya daki dutse ka ji gwaf a ƙugunka. Fanka na hura maka iska, lasifika na rugugi.

Daga inda aka kafa shi ba ya matsawa ko taku ɗaya. Wani dattijo da ya kawo jikoki ya tsaya ya kalli zagaye biyu, ya gyara tsayuwa ya ce da ni, "Ɗana, ashe majigi ne kuka ɗora a kan raƙumi." Har yau ban samu bayanin da ya fi nasa ba.

Akwai ruwa na gaske? Za mu jiƙe?

Ruwan da ke wurin bai wuce na ɗan tanki a ƙasan kujera ba, ana feso shi ta wasu ƙananan kafofi daidai lokacin da jirgin allo ya faɗa igiyar ruwa. Kamar feshin da mai guga ke yi wa shadda ne, kafin ka kai ƙofa ya bushe. Wasu injinan ma ba su da shi, iska kawai suke hurawa. Mai kwalliya ko wadda ba ta son a taɓa mata lalle da hoda ta ce a kashe mata kafin a tayar.

Wata uwa ta taɓa tambayata ko yaro zai iya ɗaukar tsargiya. A'a. Tsargiya sai an shiga ruwan da dodon-koɗinta ke zaune, irin na kududdufi da magudanan noman rani. Abin da ya cancanci tambaya shi ne yaushe aka canja ruwan tankin, domin ruwan da ya kwana biyu a rufe cikin zafin Kano yana wari, kuma ba shi ya kamata a fesa wa yaro a fuska ba. In hancinku ya ji wani abu a feshin farko, ku faɗa.

Mutane na yin wannan gangancin a kogi da gaske?

Suna yi, har kuɗi suke biya. Mutum shida ko takwas ke shiga kwale-kwalen roba mai iska, kowa da hular kwano, rigar ruwa da filafili, ga jagora a baya yana ba da umarni. A Afirka an fi sanin wurare biyu: kogin Zambezi a ƙasan magangarar Victoria, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, da kogin Nilu a Jinja ta ƙasar Yuganda. Masu wasan sun kasa haɗarin kogi mataki shida. Na ɗaya ruwa ne mai ɗan motsi, na biyar sai ƙwararru, na shida kuwa wanda ake ganin shigarsa kasada ce da rai. Wasu kogunan da ake zanawa a allon wasan nan kwaikwayon irin kwazazzabon Grand Canyon ne na Amurka, wanda mai binciken ƙasa John Wesley Powell da mutanensa suka ratsa da jiragen katako a 1869.

Abin ya zame mana baƙo ne saboda ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Kogin Kano da na Challawa a kan yashi suke tafiya, ga dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun riƙe musu linzami, da rani har tifa ke shiga ɗibar yashi. Wasan ruwan da Bahaushe ya sani shi ne tseren kwale-kwale irin na bikin Argungu da Rigatar Yawuri, inda ƙarfin dantse ke aiki. A can kuwa ruwa ne ke tseren, kai dai ƙoƙarinka kada ka kife.

Ta yaya kujerar da ke wuri ɗaya take sa mutum jin yana gangarawa da gudu?

Wayo ake yi wa kunne. A can cikin kunnen kowa akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa kai ya juya. Kusa da su akwai wasu ƙananan ƙwayoyi kamar garin alli, su ke jin karkata da fizga. To waɗannan ƙwayoyin ba sa bambance abu biyu: a kwantar da kai baya, da a fizge ka gaba. Ku tuna yadda bayanku ke mannewa da kujera in ɗan adaidaita ya finciki babur daga danja. In aka ɗaga gaban kujera kaɗan, nauyinka ya koma baya, abin da jiki zai ji ke nan. Ido na ganin kogi na tahowa a guje, baya na jin matsi, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci cewa tafiya ake yi.

Ƙafafun injin gajeru ne, ba su da inda za su. Don haka sai su yi motsin farko da ƙarfi, sannan su sulale su koma tsakiya a hankali, sannu-sannun da jiki ba ya lura, su jira dutse na gaba. Wanda ke tsaye a waje yana ganin wannan komawar ƙarara, wanda ke ciki bai san an yi ba. Shi ya sa masu kallo ke dariya, masu hawa na salati.

Dabarar ba don wasa aka ƙirƙiro ta ba. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgin sama mai motsi da iska. Shimfiɗar nan mai ƙafa shida da ake ɗora manyan na'urori a kai, wani injiniya, Eric Gough, ya fara amfani da irinta wajen gwajin tayar mota a Ingila, D. Stewart kuma ya rubuta yadda za ta yi aikin horar da matuƙa a 1965. Da ita ake samun motsi shida: sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama, da juyi iri uku. Kamfanin Disney na Amurka ya kawo ta filin wasa a 1987. Ƙananan da ake kawo mana galibi ƙafa uku ne ko biyu, wasu na aiki da mai kamar jak ɗin tifa, wasu da iskar kwamfireso irin ta mai faci, sababbi kuma da motar lantarki.

Na ga an rubuta 7D, wani wurin 9D, wani 12D. Wanne ya fi?

Lambar talla ce. Mai sayarwa kan ƙirga iska ɗaya, feshi ɗaya, girgiza ɗaya, abin da ke shafar ƙafa ɗaya, ya tara ya manna D a baya. Babu wata hukuma da ke auna ta. Na ga mai 12 da ke tafiya kamar amalanke, na ga mai 5 da ke da santsi. Ku kalli zagaye ɗaya daga waje, ku ga ko motsin kujera na tafiya tare da hoto. Wannan ya fi lambar gaya muku gaskiya, kuma shi ne ke da alaƙa da maganar jiri da ke ƙasa.

Filafilin da ake ba yara yana aiki, ko na ado ne?

Ya danganta da irin injin. Akwai wanda fim ne kawai aka ɗauka tun farko, ko ka tuƙa ko ka naɗe hannu, dutse ɗaya za ku daka a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma wanda wasa ne na gaske, filafilin na haɗe da na'urar da ke ƙirga juyinsa: ka ja ta dama jirgi ya yi hagu, ka ja ta hagu ya yi dama, ku haɗa ƙarfi ya miƙe. Kamfanin Namco na Japan ya fitar da irin wannan tun 1997 da sunan Rapid River, mutum biyu a kujera ɗaya.

Gane su ba wuya. Ka ce wa yaro ya saki filafilin na ɗan lokaci. In jirgi ya ci gaba da kauce wa duwatsu da kansa, fim ne. Nau'i na biyun ya fi daɗi ga wa da ƙani, sai dai ku shirya raba gardama, don duk wanda ya fito cewa yake ɗan'uwansa ne ya kifar da su.

Daga shekara nawa yaro zai iya hawa?

Tsawo ake dubawa kafin shekaru, saboda bel da sandar da ke danne cinya an yi su ne da gwargwadon jiki. Galibi za ku ga layi a bango tsakanin santimita 100 da 120. Yaron da bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashin bel in kujera ta tuntsura gaba. Nan ne muka fi samun saɓani da iyaye. "Haba Malam, ai saura kaɗan, kuma zan riƙe shi a cinya." Riƙon cinya shi ne mafi muni: in aka yi fizga, goshin yaro ke dukan sanda, ko ƙeyarsa ta daki haɓar uwar. Goyo kuwa ba a ma maganarsa.

Injin da ake sa wa mutum tabarau yana da nasa sharaɗin. Cikin kamfanonin da ke ƙera irin wannan tabarau, Sony ta ce nata ba na 'yan ƙasa da shekara 12 ba ne, Meta ta daɗe tana kan 13 kafin ta sauko 10 a 2023. Tazarar idon ƙaramin yaro ba ta kai ta gilasan ba, hoton kan rabe masa biyu, ga nauyi a wuya. Ɗan shekara shida ko bakwai a kai shi mai babban allo.

Su wa bai kamata su hau ba?

Mai juna biyu, ko wata nawa ne. Mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba. Mai ciwon wuya ko gadon baya, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, har da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa. Mai karaya ko targaɗen da bai warke ba. Mai ciwon kunnen da ke sa shi hajijiya.

Mai farfaɗiya yana buƙatar kulawa ta daban, domin akwai kaɗan daga cikinsu da walƙiyar haske ke tayar musu da ita, kuma finafinan nan cike suke da ƙyalli. Matsalar a wurinmu ita ce ɓoyewa. Uba ba ya son faɗa a gaban layi cewa ɗiyarsa na da wannan lalura, sai ya yi shiru. Ba sai an yi shela ba: ka ja mai kula gefe ka gaya masa a kunne, ko ka tambayi likitanta tun a gida. Na fi son a raɗa mini da in gani a kan kujera mai motsi.

Me ke kawo jiri da tashin zuciya, kuma yaya ake rage su?

Wayon da aka bayyana a tambayar kujera ba kullum yake cin nasara ba. In ido ya ce an yi faɗuwar gini hawa uku, kunne ya ce ɗan tsugunno aka yi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, ciki ya ɗauka. Ciwon mota ne dai, irin na hanyar Kano zuwa Jos. Ya fi kama yara daga shekara biyu zuwa 12, da masu ciwon ɓarin kai. Injin da hotonsa ke makara, wato ka juya kai sai daga baya kogi ya biyo, ya fi kowanne sa amai, kuma wannan laifin kwamfutarsa ne.

Kada a hau da ciki a cike. Ranar Sallah yaro ya loda shinkafa, nama, cincin da lemon kwalba, a ɗora shi a kan abin da ke jijjiga, to sai dai a nemo tsumma. A bar awa guda bayan cin abinci. In kujerun jere ne a zaɓi ta tsakiya, ta gefe ta fi lilo. A riƙa kallon can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, a jingina kai. In abin ya taso a rufe ido a ɗaga hannu. Alamun farko su ne hamma, gumi mai sanyi da tara yawu. Da ka ga yaro ya yi tsit yana haɗiya, ya isa haka.

Bayan an sauko a zauna minti goma, a sha ruwa. Shayi mai citta na taimaka wa wasu. Wanda zai tuƙa mota ko babur kada ya fita sai ƙasa ta daina yi masa rawa. Maganin hana amai kuma yawancinsa na sa barci, kada a ba yaro don wasan minti huɗu.

Tabarau ɗaya kowa ke sawa. Ba za a ɗauki ciwon ido ba?

Za a iya, musamman lokacin da afolo ke yawo. Ciwon nan da ya samo suna daga kumbon Apollo saboda ya ɓarke a Gana a 1969, shekarar da aka sauka a wata, ta hannu da ƙyalle da duk abin da ya taɓa ruwan ido yake yaɗuwa, kuma soson tabarau na shan gumi da hawaye. Ƙa'ida ita ce a goge tsakanin mutum da mutum da abin gogewa mai kashe ƙwayoyin cuta, ba da gefen riga ba. Soso mai rufin roba ya fi gogewa. Ku tsaya ku ga an goge a gabanku, ba rashin kunya ba ne. Yaron da idonsa ya yi ja kuma a bar shi a gida, ko da ya yi kuka. Haka mai makero a ka, saboda madaurin.

Da hijabi ko babbar riga za a iya hawa?

Ana hawa, sai dai a tattare. Ƙasan kujera duk gaɓoɓin ƙarfe ne masu buɗewa da rufewa, dogon hijabi ko bakin mayafi in ya zubo ta gefe yana iya shiga tsakani. Hajiya ta tattaro shi kan cinya kafin a ɗaure bel, bel ɗin kuma ya zauna a ƙugu, ba a kan tulin yadi ba. Mai babbar riga ya naɗe hannuwanta ya danne. Takalmi silifa a matse shi ko a cire.

Hula kuwa a riƙe a hannu. Wani Alhaji ya ƙi, ya ce hularsa ba ta taɓa faɗuwa ko a kan doki ba. Jirgi na faɗawa magangara ta farko fanka ta yi sama da ita, ta sauka a ƙarƙashin injin, ya miƙa hannu zai ɗauko ina danna jan maɓalli. Bai ji daɗin tsawar da na yi masa ba, amma da yatsunsa goma ya koma gida. Duk abin da ya faɗi a bar shi sai inji ya tsaya cak.

Wadda ba ta son zama kusa da namijin da ba nata ba ta faɗa tun a layi, a haɗa ta da 'ya'yanta ko wata mace. Ana yi kullum, ba wanda zai ga baƙonta.

In wuta ta ɗauke muna sama fa?

Ba sama kuke ba, tsayin bai wuce na teburi ba. Mai aiki da iska ko mai yakan sauka a hankali, mai motar lantarki yakan tsaya inda wuta ta bar shi, wani lokaci a karkace. Bel da hannu ake kwance shi, ba ya jiran lantarki.

Ranar hawan Daushe da la'asar ta faru da mu, ɗaki ya yi duhu, kujera ta tsaya ta jirkice hagu da wata baiwar Allah da 'ya'yanta biyu. Tana ta innalillahi, ƙaramin na cewa, "Umma, mun nutse ne?" Haɗarin da ke wurin ɗaya ne: mutum ya kwance bel ya zuro ƙafa daidai lokacin da janareta ya ɗauka, inji ya motsa don komawa mazauninsa. Don haka a zauna, a jira mai kula ya kashe babban makunni ya ce a sauko. In zagaye ya katse ta haka, haƙƙinku ne a sake muku daga farko.

Na ji an ce irin wannan wasan ya taɓa kashe mutane a ƙasar waje.

Labarin gaskiya ne, sai dai wani wasan ne daban. A watan Oktoban 2016 mutum huɗu suka rasu a filin wasa na Dreamworld a Ostireliya. Wancan kogin siminti ne aka gina, da ruwa na gaske da manyan famfuna, jirage masu zagaye na yawo a kai. Irinsa na farko kamfanin Intamin ya gina a Houston ta Amurka a 1980. Famfo ɗaya ne ya tsaya, ruwa ya ja baya, jirgi ya maƙale, na bayansa ya dake shi ya kife a kan injin da ke jan jirage. Namu ba ruwan nutsewa, ba jirgi na biyu. Raunin da ake samu a namu na matsewar yatsa ne, bugun kai da faɗowa wajen sauka, kusan duka kuma daga kwance bel ko miƙa hannu suke, kamar yadda aka gani a maganar hula da ta wuta.

Yaya zan gane injin da ake kula da shi?

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ka tsaya zagaye ɗaya kafin ka biya. Leƙa ƙasa: ɗigon mai a tayil alamar yoyo ce. Saurara: huci na iska ba komai, amma ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, ko ƙwas-ƙwas a duk juyi, kusa ce ta saki. Ja bel ɗin da hannunka, in ya zare ko an ɗaure shi da ƙulli, juya. Nemi jan maɓallin tsayarwa, ka ga yana kusa da hannun mai kula. A kuma ce akwai shinge da ke hana ƙananan yara rarrafawa ƙarƙashi, don ƙannen masu hawa su suka fi ba ni tsoro.

Sai mai kular kansa. In idonsa na kan waya injin na aiki, wannan ya ishe ka hujja. Da hunturu aikin ya fi yawa, ƙurar Disamba da Janairu na shiga fankar kwamfuta ta toshe ta, hoto ya fara tsinkewa, tana kuma manne wa man gaɓoɓi ta zama kamar yashi. Gidan da ke share injinsa kowace safiya a wannan lokacin za ka gane shi daga santsin motsi.

Yaro ya tsorata a tsakiya, za a tsayar?

Za a tsayar, kuma ku yi wannan yarjejeniyar da mai kula tun kafin a fara: ɗaga hannu na nufin tsaya. Ihu ba alama ba ce, kowa ihu yake. Kada a yi wa yaro dariya ko a ce masa rago a gaban ƙannensa. Ku bar shi ya kalli wani zagayen daga waje, ya ga ƙafafun ƙarfen da idonsa. Da yawa da kansu suke cewa a mayar da su.

Wane lokaci ya fi, kuma yaya biyan yake?

Zagaye ɗaya minti uku ne zuwa biyar, amma ranakun Sallah layinsa kan ci awa. Daga la'asar zuwa isha ne cunkoso. Wanda ya zo da hantsi, ko ya bari sai kwana na huɗu, zai hau a natse, injin ma bai yi zafi ba. Wasu gidajen tikiti suke yanka wa kowane wasa, wasu kati ake loda wa kuɗi. Kafin ka loda da yawa tambayi ko ragowar na jiran wani zuwan. Ka riƙe 'yan tsabar kuɗi, don taransifa na maƙalewa daidai ranar da kowa ke turawa.

Mai azumi zai iya hawa?

Abin da malamai ke karantarwa shi ne aman da ya rinjayi mutum ba ya karya azumi, wanda aka jawo da gangan ne ke karyawa. Duk da haka ban ga dalilin da wanda ya san yana jiri zai kai kansa ba, ga yunwa ga ƙishirwa. In dole ne a raka yara, a ce a kashe feshi, ko babba ya tsaya a shinge. Bayan shan ruwa ma a ba kunu da ƙosai lokaci su kwanta.

Ɗana ya ƙware, ba ya dukan dutse ko ɗaya. Ya iya tuƙa kwale-kwale ke nan?

Ko kusa. Wannan ce tambayar da ake yi mini da wasa nake amsawa ba da wasa ba. Filafilin inji ba ya jin nauyin ruwa. Jirgin allo in ya kife, sai hoto ya yi fari ya dawo daidai, a ci gaba. Yaro ya fito da tunanin cewa kifewa abin dariya ne, kuma shi gwani ne. Bai san yadda tufafi ke nauyi in sun jiƙe ba, bai san laka na riƙe ƙafa ba, bai san ruwan da ya kwanta lumui yana da rami ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Mu a Kano ba sai an ba mu labarin Zambezi ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin da ya ɗauko mutane daga Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ruwan ba shi da igiya ko ɗaya irin ta allo. Lodi ne ya yi yawa. Duk damina kuma jami'an kashe gobara na ciro yara daga kududdufan cikin gari. Ina gaya wa iyaye su yi amfani da hanyar komawa gida: ku tambayi yaro me mutanen cikin fim ɗin suke sanye da shi. Zai tuna hular kwano da rigar ruwa. Daga nan sai a gaya masa duk ranar da zai shiga jirgin fito, a Tiga ne ko a Wudil, sai da wannan rigar, kuma in ya ga an cika jirgi ya jira na gaba. In ana son ya iya ruwa, a kai shi inda ake koyar da iyo da malami a tsaye.

Zan iya ɗaukar bidiyo da waya ina ciki?

Wayoyi uku na tsinto daga ƙarƙashin injin nan, ɗaya ce kawai ta sake kamawa. Kuma bidiyon ciki ba ya nuna komai sai silin da ihu. Ka ba wanda ke tsaye a shinge ya ɗauko ku daga gefe, yadda fuska da allo za su fito tare, ya kuma karkatar da wayar kada ya haɗa da iyalin wasu. Makullin mota da canjin aljihun gaba su ma a miƙa masa.